Jirgin Kaka a Kan Yashi

Kakana na wajen uwa masunci ne, mai taurin kai, ni ma a wurinsa na gado. Tsibirinsu yana tsakiyar kogin Mariga, sai ka ratsa dajin Kamuku daga Birnin Gwari. A da kwatar masunta ce sosai, jirage a jere, hayaƙin banda ko'ina. Amma a shekarun da mahara suka hana kowa sakat, masunta suka watse, saura tsohon shi kaɗai.

Ina 'yar yarinya Inna ta matsa wa Baba mu je mu taho da mahaifinta kafin ruwa ya sauka. Da bazara ne, muka ƙetara da ƙafa, ruwa iya cinyar Baba, ni ina wuyansa.

Muka tarar da Kaka kwance, zazzaɓi ya kayar da shi, amma bakin nan yana nan.

"Af, amaryata ce ta rame haka? Na fasa auren!"

Na ce ni ma ba na son miji mai ƙarnin kifi. Ya yi dariya har da tari. Da Inna ta kawo zancen tafiya kuwa, sai ya juya mata baya. Ya ce muddin yana da jirgi, ba inda za shi.

Kai, na so wurin nan! Balbelu a kan turakun da ake ɗaure jirage, kabewa ta haye rumfunan da suka rufta. Inna ta nuna mini dutsen da ta koyi iyo a gindinsa, ta gasa mini tarwaɗa irin wadda ban sake ci ba har yau.

Jirgin Kaka yana bakin kwata a nutse, an danne shi da duwatsu. Haka masunta ke yi da rani don kada itacen ya bushe. Baba kuwa mutumin tudu ne, jaki da fatauci ya sani. Yana gani ya ce, "Subhanallahi, jirgin tsoho zai ruɓe!" Ya tuɓe riga, ya kwashe duwatsun, ya kwarfe ruwan da ƙwarya, ya yi ta fama har ya jawo shi kan yashi. Wallahi don ya kyauta wa surukinsa ya yi. Inna tana nan tana wankin tukwane. Ta ɗago ta dube shi, ta buɗe baki, sai ta sunkuya ta ci gaba da wankinta.

Rana ta yi kwanaki tana dukan jirgin. Da Kaka ya ji ƙarfi, ya dafa kafaɗata muka gangara. Jirgi ya tsage daga goshi har ciki, hannuna yana shigewa. Baba ya durƙusa yana ta ba da haƙuri kamar zai yi kuka.

"Tashi, ɗana," in ji Kaka. "Kai ba ka sani ba."

Ya juya ya dubi Inna. "Ke fa?"

"Na sani, Baba," ta ce.

Washegari ya naɗe komarsa ya biyo mu. Ya yi shekaru a gidanmu. Inna ke kai masa tuwo da hannunta, yana ci, yana sa mata albarka. Amma har ya koma ga Allah, in yana ba ni labarin kogi Inna ta shigo, sai ya dakata har ta fita.