Ruwa Na Tahe

Ranar Laraba ce, farkon damina. Na tashi da ciwon baya kamar kullum, na sha kunu, na zuba wa jaki dusa. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu. Hatsin da munka shuka da ruwan fari ya fito ya murɗe ganye, saura kaɗan ya ƙone. Ranar Litinin duk gari ya fita roƙon ruwa bayan maƙabarta, har da tsofaffi masu sanda. Ruwa muke jira, ba wani abu ba. Ku riƙe wannan, ku da ba ku nan, kuke zaune inuwa kuna cewa wauta ta kashe mu.

Garinmu gindin dutse yake, ƙorama ta bi ta gabas da shi. Rani duka rairayi ce busasshiya. Ba yau ta fara cin mutane ba. Zamanin kakana ta kwashe unguwar maƙera, shi ya sa tsofaffi sunka hana gini ƙasa da gawon kasuwa. Shekarar da na bar lakwal, makarantar boko, ta tafi da rumbunan rabin gari. Muna yara tsallake ta muke yi. Yanzu ta ci gonaki, sai ka ɗaga murya kafin na wancan gefe ya ji ka. Masu poroje, ma'aikatan raya karkara, sun zo sun jera duwatsu cikin ragar waya, an ɗauki hoto, sun shiga mota. Waya ta yi tsatsa ta tsinke. Ba wanda ya dawo.

Tsofaffi suna da maganarsu. In an yi ruwa can bisa dutse, nesa da mu, ya gangaro, ba su ce masa ruwa. Cewa suke ƙorama ta kawo. Ko yaro ya ji haka ya san tudu za shi nufa.

Ni da yayana Abdu mun buga tubali cikin ƙorama, nan kwanar da laka take, don mu tada ɗakin Inna da ya faɗi bara. Tubalin na shanye. Ba mu kaɗai ba ne. Akwai masu tubali irinmu, akwai mata masu wanki bakin ramukan da suke tona cikin rairayi, akwai tumaki ɗaure ƙarƙashin bagaruwa.

Bayan azahar ina tsakar gida ina gyaran tayar amalanke, lasifikar masallaci ta yi ƙara. Ladan Ilo ne. Daga baya munka ji yadda anka yi. Wani makiyayi ne ya kira shi da salula daga saman dutse, shina haki, ya ce ruwa na tahe, a gaya wa mutane. Ladan bai tambaye shi wane ruwa ba. Makiyayin kuma bai ce na sama ko na ƙasa ba. Ya ruga ya kunna lasifika.

"Albishirinku jama'a! Allah ya karɓi roƙonmu! Ruwa na tahe!"

Mata sunka ɗauki guɗa. Kowa ya san abin da ake yi in hadari ya taso: a rufe tubali, a kwashe shanya, a kwanto dabba. Duk cikin ƙorama suke. Maganar da za ta fid da mutane, ita ta tura su ciki.

Yaya Abdu ya leƙo ta katanga, shuɗin tamfol a kafaɗa.

"Kai Sale, taso mu ruhe tubalin Inna."

Na ce ya yi gaba, in ɗaura taya in biyo shi. Ya wuce shina ɗingishi. Ƙafarsa ta hagu ta karye tun shina biɗar kuɗi a Abijan, ba ta ɗoru daidai ba.

Na iso bakin gaɓa, jaki ya toge. Na doke shi, ya ƙi. Sai na ji sanyi ya bugi ƙaurina, iska ce take bin ƙasa, da warin laka da kashin shanu. Sannan ƙara, daga arewa, kamar kamyo, manyan motocin kaya, da yawa sun jero kan hanyar tsakuwa. Rana tana nan tsaye, tana ƙuna.

Wata tsohuwa ce ta fara ganewa.

"Ku hito! Ƙorama ta kawo! Ku hito!"

Ruwan ya karyo kwana, ja wur, ya fi tsayin mutum. Itatuwa ne gabansa da saiwoyinsu, da jinkar rumbu, da saniya ƙafafu sama. Yaya Abdu na tsakiya, duƙe, shina danne bakin tamfol da dutse. Na ƙwala masa kira. Ya miƙe. Sama ya fara dubawa. Wallahi sama ya duba, don nan anka ce masa ruwa zai fito. Da ya juya arewa, ya yi gudun da ƙafarsa ta iya. Ruwa ya share shi ta ƙasa. Na ga tamfol ya juya, ban ƙara ganin komai ba.

Ba a ba ni lokacin kuka ba. Gaɓar da nike tsaye ta tsage. Na bar jaki da amalanke na ruga gida. Ruwa ya riga ya haura, ya wuce gawon kasuwa, shina bin lungu. Na saɓa Inna a baya. Matata ta ja yara, matar Yaya ta biyo mu da nata.

"Dutse! Ku nuhi dutse!"

Katangu na narkewa daga gindi suna zama. Rumbu in ya faɗi ƙararsa daban ce, tim, sai ƙura, sai shiru. Ruwa ya kai mini cinya wajen mahauta. Ƙaya ta tsaga mini tafin ƙafa, ban ji ba sai da munka hau.

Da la'asar duk wanda ya tsira shina bisa dutse. Nan na ga Ladan Ilo, rigarsa busasshiya, shina jan carbi. Na sauke Inna na nufe shi.

"Wane ruwa, Ilo? Ka tambaye shi wane ruwa?"

Ya ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Mutane sunka riƙe ni, da ba haka ba da na jefa shi inda ya tura yayana. Har yau shi ke kiran salla. Ni masallacin tasha nike zuwa, ko da ya fi nisa.

Ranar nan ko ɗigo bai sauka garinmu ba. Hatsin ya ƙone.

Washegari da hantsi munka tsinci Yaya Abdu can ƙasa, bayan lambunan albasa, maƙale cikin ƙaya. Munka samu Hajo matar mahauci da goyonta. Munka samu tsoho Na-Allah, igiyar tunkiya naɗe a hannunsa. Ɗiyar maƙwabcina da ta je kwaso wanki ba a gan ta ba har yanzu. Matar Yaya ta gama takaba ta koma Urno wurin danginta da yaran.

Inna tana ɗakina. Yaya Abdu ɗan farinta ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba shina raye, ba ta kuwa faɗa ba da anka binne shi. In an kai mata tuwo takan ci rabi ta rufe kwano, ta ce a aje wa wancan.