Watannin da Aka Hana Matata Jan Ƙafa

Matata ta fi shekara ashirin tana wankan jarirai a unguwarmu ta Dakoro, kuma in ta bakina za a bi, rabin masu tafiya da ƙafa biyu a garin nan hannunta ne ya miƙe su. In ka ga saurayi ya wuce zar kamar turken rumfa, ta cinyarta ya biyo. In ka ga mai gwame, baƙo ne, ko kuwa satin da aka haife shi ta tafi biki.

Wankan nata ba zuba ruwa ba ne kawai. Takan zauna bisa ƴar kujera, ta miƙe ƙafafunta cikin baho, ta kwantar da jariri a ƙwaurinta ta cuɗe shi da ruwan ɗumi. Daga nan a zo wurin da aka san ta da shi: ta lanƙwasa hannuwa, ta murza baya, sannan ta kama ƙafafun biyu ta haɗa gwiwa da gwiwa ta ja su tsaf. Jariri ya tsala ihu, mata su ce madalla, ya yi barcin da ko ganga ba ta tayar da shi. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ni kuwa igiya nake sayarwa a kasuwa, da ragama da dabaibayi da kayan ɗaurin amalanke.

Shekarar da nake ba ku labari, ɗiyarmu ta fari ta zo gida haihuwar fari. Mijinta malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye ta wajen Tagriss. Ta haifi mace, yarinyar da ta ƙi zuwa da kai kamar kowa, a zaune ta iso duniya sai ka ce an tanadar mata kujera.

Bayan suna da ƴan kwanaki, da safe ina neman hulata, matata ta kira ni wurin wanka, inda namiji ba shi da aiki.

"Malam, zo ka ji."

"Mi zan ji? Kukan ai har bakin kasuwa ana jin shi."

Ta kama yatsana ta ɗora a kwatangwalon yarinyar na hagu, ta buɗe cinyar a hankali. Ta ce akwai abin da ke yin ƙas a ciki. Yatsuna igiya ta cinye su, ko ƙaya ce ta shiga sai ta yi sallama sau uku. Na ce ban ji komi ba.

"Da ma mi kake ji," in ji ta. Ta kifa yarinyar ta nuna mini ninkin fatar cinya, nan uku, can biyu. "Na wanke ɗiyan mutane ba iyaka, ban taɓa jin wannan ba."

Muka kai ta wurin majo, malamin jinya da ke gidan likita. Ya taɓa, ya sake taɓawa, ya rubuta mana takarda zuwa Maradi. Can muka samu lokotoro, wato babban likita, wani saurayi da takalmina ya girme shi. Ya shafa wa yarinyar mai, ya dangwala na'urar hoton nan da suke ce wa eko, sannan ya dunƙule hannu ɗaya ya sa cikin tafin ɗayan. Ya ce kan ƙashin cinya haka yake zama cikin gurbinsa, na yarinyar kuwa shiga yake yana fita. In an bar shi, za ta tashi tana ɗingishi, ciwo kuma yana jiran ta a gaba.

"Wa ya gano?"

Muka nuna matata. Ya ce da yawa sai yaro ya fara tafiya ake kawo shi, lokacin aiki ya yi wuya. Ya ce Inna, hannunku ya yi aikin na'ura. Ranar kan matata ya kumbura har na fara tunanin ta ina za mu fitar da ita daga ɗakin.

Bayan kwanaki aka kawo daga Yamai abin da ya ce za a ɗaura wa yarinyar. Yana da suna na Faransanci da ya ƙi zama a bakina, mu a gida ɗamara muka ce masa. Ɗauri ɗaya ya zagaye ƙirji, biyu sun haye kafaɗu, wasu sun sauka sun riƙe ƙafafu, suka ɗaga gwiwoyi sama suka buɗe su gefe da gefe. Na duba shi da idon sana'a, na ga ba wani abin da ban sayar da kakansa ba. Da aka gama ɗaurawa, jikata ta koma kamar sojan lema da ya sauko bai samu wurin dira ba. Tun daga nan nake ce mata soja.

Lokotoro ya ɗauki biro ya ja layi a kan kowane ɗauri, daidai inda ya tsaya. Ya ce ba a kwancewa, dare da rana, shi kaɗai zai riƙa gyarawa in ta ƙara girma. Ba a tsoma ta a ruwa, sai goge jiki da tsumma. In za a canja mata ƙyalle, kada a ɗaga ta da ƙafafu, a sa hannu ƙarƙashin ɗuwawu. Goyo kuwa ya ce a yi ta yi, muddin zani bai danne gwiwoyin ƙasa ba. Matata tana ta gyaɗa kai har ya zo kan na ƙarshe.

"Jan ƙafa kuma, Inna, an daina. Shi ke fitar da ƙashin daga gurbi."

Kan da ya kumbura ya sace nan take.

Bazara ce, irin wadda kaza ke yin ƙwai dafaffe. Ni ina kasuwa, ban san abin da ake ciki a gida ba, na dai ga soja na barci, na ce lafiya lau. Bayan sati biyu muka koma randebu, wato ranar da aka ce mu dawo. Lokotoro ya duba ɗaurin hagu, ya ga ya kauce wa layin biro da faɗin yatsa. Ya sake eko, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wa ya kwance.

Ɗiyarmu ta sunkuyar da kai. Ba ta iya cewa uwarta, ba ta iya ƙarya. Ni na yi wuf na ce ai soja ce da kanta, yarinya ce mai dabara, jiya ma na kama ta tana neman ɗaure akuya.

"Ni ce," in ji matata. "Sau uku."

Ta faɗa masa tsaf, ba ta rage ba. Kurajen zafi sun fito ƙarƙashin ɗaurin, yarinya na kuka, ta ce bari ta tsoma ta sau ɗaya ta ji sanyi. Da ta ji ƙafafun a tafinta, hannu ya yi abin da ya saba. Ta ce ja ɗaya mi zai ɓata. Ta mayar da ɗamara yadda ta ga ya yi daidai.

Lokotoro bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce ƙashin bai zauna ba tukuna. Zai ƙara sati biyu. In an dawo bai zauna ba, ɗamara ta gama nata, sai Yamai, a sa yarinya barci a mayar da ƙashin, a zuba mata farin simintin nan na karaya tun daga ƙirji har idon sawu, ta yi watanni a ciki. Na dubi soja, ko tsawon damtsena ba ta kai ba.

Da muka iso gida, matata ba ta ko sha ruwa ba. Ta ɗauki bahon wanka ta ce in ɗora mata shi bisa rufin rumfa, inda sai da tsani. Ta yayyaga tsohon zaninta mai laushi ta yi ƙananan tsummoki. Sannan ta kira ɗiyarmu.

Kun san kunyar ɗan fari. Ɗiyar tamu in ana wanka can ƙuryar ɗaki take zama, kamar ba ita ta haifa ba. Matata ta ce ta fito ta zauna gabanta.

"Ki sa ido bisa hannuna. In kin ga ya wuce gwiwa ya yi ƙasa, ki ce Inna."

"Inna, ni ina zan iya."

"Za ki iya. Hannun ba ya jin maganata, wataƙila shi ji taki."

Haka aka yi. Uwa na goge jika, ɗiya na gadin uwa. Ranar farko na ƙirga Inna har na ɓata lissafi, maƙwabta suka zaci sabuwar waƙa ce. Matata tana bin kowane lungu da yatsa ɗaya naɗe da tsumma, bayan gwiwa, matsematsi, ƙarƙashin wuya, ta ɗaga ɗauri kaɗan ba tare da ta kwance ba, ta goge, ta hura da baki har ya bushe. Wankan da take gamawa kafin shayi ya tafasa ya koma aikin rabin safiya. Kurajen suka bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai in ta gama, hannuwan sukan yi ta neman abin ja kamar an hana mashayi taba. Rannan ina kishingiɗe bisa tabarma, ban yi wa kowa laifi ba, sai na ji an cafke idon sawuna an ja har ƙashin bayana ya yi magana. Matata ta ce ko na fi so ta ja ta yarinya. Na ce a'a, a ci gaba. Cikin sati biyun nan na ƙara tsawo, wandunana duka suka ɗage, abokan kasuwa suka fara ce mini in miƙo musu kaya daga saman rumfa.

Sauran yini kuwa soja na bayanta. Ta gano yadda za ta tallabo ɗuwawun da zani ta bar gwiwoyin a sama, ta ɗaura majanyi bisa. Da ita take tankaɗe, da ita take shara. Masu zuwa barka ta daina miƙa musu, kowa sai dai ya leƙa ta kafaɗarta.

Ana saura kwana huɗu mu koma, Yayata ta zo daga Kornaka. Ita ta goye ni, kuma har yau in ta yi gyaran murya nakan duba ko hulata ta karkace. Matata tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa musa mata ba. Yaya kam ba a ce mata leƙa ta kafaɗa. Aka kwance goyo aka ɗora mata a cinya.

Yaya ta juya yarinyar, ta taɓe baki.

"Ke da kike miƙe na mutane, taki kin bar ta kamar kwaɗo bisa tabarma. Ɗiya mace ce fa. Haka za ta tashi ƙafa gabas ƙafa yamma?"

"Lokotoro ya ce na ɗan lokaci ne, Yaya."

"Lokotoro ya taɓa haihuwa? Akwai maɗori a Bader Goula, taɓawa ɗaya yake yi. Ku cire mata kayan jakin nan ta sha iska."

Tana faɗa yatsunta na bisa ɗaurin hagu. Na ji abin ya fara ɓarewa, ƙyat. Matata ta durƙusa ta ɗora hannunta a kan na Yaya. Ba ta fizge ba, ba ta ɗaga murya ba, ta dai ƙi ɗagawa.

"Ku yi haƙuri, Yaya. Wanga hannu ya riga naku kwancewa, kuma shi ya kusa kai ta Yamai. Ku zage ni har la'asar, ina durƙushe. Amma ba a kwancewa."

Yaya ta juyo kaina. "Kai kana zaune?"

Na ce Yaya, ni ɗaurin jaki na karanta, na mutum ban kai ajin ba. Ta ce tun ina yaro ba ni da amfani, wanda kuwa gaskiya ne. Ta miƙa yarinyar, ta ƙi cin tuwo, ta bi motar yamma. Matata ta raka ta har bakin hanya tana riƙe mata da kaya, ta dawo ta duba layin biro sau biyar.

Ranar randebu lokotoro ya dangwala na'urarsa, mu uku muka zuba wa allon ido kamar mun san abin da muke gani. Ni hadari kawai na gani. Ya dunƙule hannu ya sa cikin tafi, ya girgiza, bai fita ba. Ya ce ƙashin ya zauna, ba zuwa Yamai, amma ɗamara na nan har gurbin ya yi ƙwari. Matata ta tambaye shi sati nawa. Ya faɗa. Ta ce to, kamar an ce mata gobe Talata.

Aka ci gaba, tsumma da goyo da hanyar Maradi. Arba'in ta wuce tuni, surukinmu ya ce ɗiyarmu ta zauna har a gama. Kiran wanka ya ragu a unguwa, don mata sun fara raɗa cewa mai miƙe ƙafa ta kasa ta gidanta. Na kawo mata maganar ina huci, ta ce in matsa na tare mata haske.

Ranar da aka cire ɗamarar, na zaci soja za ta miƙe ta yi mana fareti. Ina. Ƙafafun suka tsaya a buɗe yadda suke, gwiwoyi a sama, kamar ba a cire komi ba. Lokotoro ya ce haka ake yi, da kanta za ta sauke su, kada wanda ya taimaka mata. Da ya zo kan kada wanda, matata yake kallo.

Wannan ya fi duk na baya wuya. Da can akwai ɗauri tsakanin hannunta da ƙafafun, yanzu ba komi, ga su nan tsirara bisa cinyarta kullum safe. Kwana ɗaya, kwana huɗu, sati. Na ga tana shafa cinyar da bayan yatsu, don kada tafin ya kama. Ba ta ce wa kowa tana tsoro ba, amma gishiri ya yi yawa a miya kwana takwas a jere.

A na tara, da hantsi, na zauna gefen tabarma da ƙoƙon fura zan sha in fita. Soja na kwance tana hira da rufin rumfa. Ta yi hamma, ta ɗaga hannuwa, sai ƙafar hagun ta sauko a hankali, ta miƙe, ta ƙara miƙewa, yatsun suka baje, diddigen ya sami ƙoƙon ya juye mini shi kaf a cinya.

Na yunƙura zan tashi.

"Kada ka motsa," in ji matata. "Bari ta sake."

Na zauna cikin fura, ƙudaje na taruwa. Ta sake, sau biyu, ta bi da ta dama. Matata ta kalla har ta ƙoshi, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Ni dai da jiƙaƙƙen wando na tafi kasuwa ranar, kuma duk wanda ya yi kuskuren tambayata mi ya zubar mini da fura, sai da ya yi asarar rabin yininsa.