Sati Shida Babu Snus

Ebbe Lindmark mai share ƙanƙara ne a unguwarmu a garin Skellefteå. In ka fito da safe ka tarar da titi fes, to shi ne ya bi da tarakta yana rera waƙa da wata murya da ko karnuka ba sa so. Gida ɗaya muke haya ni da shi, layi ɗaya muke bi a asibiti, sai dai ya riga ni shiga da shekara biyu.

Da aka haife shi an ce mace ce. Shi kuwa tun yana firamare ya san ba haka ba ne. Yana sha biyar kawunsa ya miƙa masa gwangwanin snus a bakin filin wasan hoki. Ya ɗauki ƙunshin tabar ya cusa ƙarƙashin leɓe yadda mazan wurin ke yi, ya zaga bayan mota ya kwara amai, ya dawo ya zauna cikinsu. Ya ce ranar ce ta farko da ba wanda ya kore shi zuwa wajen 'yan mata. Tun daga nan gwangwani bai bar aljihunsa ba.

Shekara huɗu ya yi yana jiran tiyatar ƙirji, wato a cire masa mama, kullum cikin rigar matsi har haƙarƙarinsa na ciwo. Da takardar gwaji ta zo na raka shi, don in ga abin da ke jirana. Aka ɗibi jini, aka auna nauyi, aka ɗauki hoton ƙirjin tunda kakarsa ta yi kansar mama. Duk lafiya lau. Inda aka tambayi shan taba ya rangaɗa a'a. Ya juya zai fita ke nan, nas Majvor, wata dattijuwa mai tabarau a goshi, ta ce, "Ebbe, wannan zoben da ke aljihunka na baya fa?"

Shatin gwangwani ne, zagaye, ya ci wandon har ya yi fari.

"Ai ba hayaƙi ba ne, Majvor. Ni ko ashana ban iya ƙyastawa ba."

"Jijiyoyinka ba su san da wannan ba. Tsuke su yake, ɗinki ya ƙi kamawa, fata ta mutu. Sati shida babu, sannan ka kawo min fitsari. Na ga ko ɗigo, ranarka ta zama ta wani, ka koma layi."

Jama'a, na sha kallo. Satin farko ya yi faɗa da butar shayi wai tana masa ihu. Sati na biyu ya ba gwangwanin ƙarshe haƙuri kafin ya jefa shi a shara. Daga nan ya samo mafita: baƙar alewar nan tamu mai gishiri, lakrits. Leda guda kullum, wata rana biyu. Ya tura ƙarƙashin leɓe yana tsotsa, yana ta baza haƙora.

"Ka ga mai basira, ko?"

"Na ga bakin murhu," na ce.

Sati na huɗu muka koma awon jini. Majvor ta ɗaura masa abin awo, ta duba, ta sake ɗaurawa.

"Wata guda da ya wuce jininka kamar na jariri. Yau ya hau rufin asibiti. Likita ba ya yanka mai wannan lamba. Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Harshe baƙi ƙirin.

"Leda nawa?"

"Ɗaya."

"Biyu," na ce.

"Munafuki, Joar," ya ce da ni.

Ashe alewar ce ke tayar da jini in an cika ci. Dariya ta ci ƙarfina har Majvor ta tura ni baranda, ina jin ta ta ƙofa tana cewa saura sati biyu, ba snus, ba alewa, in bakinsa na ƙaiƙayi ya ci karas.

Karas kuwa ya ci. A tarakta, a wanka, a layin kanti, ƙurus ƙurus kamar muna kiwon doki a ɗaki. Bai ƙara waƙa ba. Ranar gwajin ƙarshe na raka shi, na riƙe masa rigar sanyi.

Kwana uku bayan nan muna karyawa wayarsa ta yi ƙara. Ya sa a kunne, yana ta cewa to, to, to. Ya ajiye, ya kalli bango.

"Yi magana mana, ɗan rainin hankali."

"Fitsari tas. Jini ya sauka. Tiyata sha huɗu ga Maris."

Sai ya miƙe ya ɗaga ni sama da kujerar gaba ɗaya, muka zube kan kwandon wanki. Yana kwance yana haki ya jawo waya.

"Me kake nema kuma?"

"Kuɗin shiga wurin ninƙaya. Rabona da ruwa tun ina sha biyu."

"Ka iya ma kuwa?"

"Oho. Wando kawai zan sa, in nutse in na ga dama."