Kyaftin Ya Sauke Jirginsa da Hannunsa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye a shagona na sayar da magani ina yi wa wata mata bayanin yadda za ta sha ƙwayoyinta, sai autarka ta kira ni. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na ce daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Na ajiye wayar, na ƙarasa wa matar bayaninta kamar ba abin da ya faru. Sai da ta fita na rufe shagon.

Wanda ya ji ana ce maka Kyaftin, bai san ka ba, zai ɗauka wani matuƙin jirgin sama ne ya rasu. Kai mai gyaran agogo ne, shekara arba'in da ɗoriya kana sunkuye a kan teburi da ɗan madubi maƙale a ido. Mu 'yan ƙungiyar masu tashin ƙananan jirage da rimot mu ne muka laƙaba maka Kyaftin, alhali har ka bar duniya ba ka taɓa shiga jirgin gaske ba. Idan aka tsokane ka da haka, sai ka ce jirgin da ba kai ka ɗaure ƙusoshinsa ba, ba za ka ba shi amanar wuyanka ba. Ni ma kai ka fara kira na Likita, kana sane da cewa ko allura ba na yi, har sunan ya bi ni gida.

Shekara goma sha shida ke nan da na fara zuwa filinku na bayan tsohuwar masana'anta, ɗauke da sabon jirgi a kwali, ban san kowa ba, ban kuma tambayi kowa ba. Na tayar da shi da kaina. Ko minti ɗaya bai yi a sama ba ya karkata ya daki shingen waya, ya tarwatse. Na juya zan shige mota don kunya, sai na gan ka tsugune a cikin ciyawa kana tsintar guntaye kana zubawa a hularka. Ka ce in zo in taya ka, kada in bar ko ɗan tsinke, domin guntun da aka raina shi ake nema ranar haɗawa. Bayan mako biyu ka kawo mini jirgin a tsaye. Na juya shi gaba da baya ina neman inda gam ya kama, ban gani ba.

Daga nan na zama ɗan gida a shagonka. Agogai suna ta bugawa a bango, kowane da nasa lokacin, jirage kuma suna rataye a rufi da zare, wanda ba fiffike, wanda ba farfela, kusan duk na mutane. Naka guda ɗaya ne, ja mai farin ciki, wanda ka sassaƙa da hannunka. Sau da yawa Asabar takan wuce ba ka tayar da shi ba, saboda injin wani ya ƙi tashi, ko batirin wani ya yi zafi, ko wani sabon shiga yana rawar jiki. Tela, wanda ya fi kowa karya jirgi a cikinmu, ya taɓa cewa rabin jirginsa gam ɗinka ne, sauran rabin kuma haƙurinka.

Da waya ka koya mini tuƙi. Akan haɗa rimot biyu da waya ɗaya, malami ya riƙe babba, ɗalibi ya riƙe ƙarami. Muddin malami yana danne da wani maɓalli, jirgi yana hannun ɗalibi. Da ya saki, tuƙi ya koma hannunsa. Wata huɗu muka yi a haka. Ba ka taɓa karɓa ba tare da ka faɗa mini ba. Za ka ce a hankali, "Na karɓa," ka daidaita shi, sannan ka ce, "Ga shi nan, naka ne."

Ni na fara lura da rawar hannunka, shekara uku da suka wuce, ranar da ƙaramar ƙusa ta kuɓuce maka har sau uku. Sana'ata ta sa na gane abin da nake gani, na kuma matsa maka sai da ka je asibiti. Magani ya rage, amma bai tsayar ba. Ka rufe shagon agogo ba tare da ka yi wa kowa ƙorafi ba. Fili ne kawai ka ƙi bari.

Sai ga wata Asabar, jirginka ya zo sauka ya kauce hanya, ya wuce dab da kan mutanen da ke zaune kusa da motoci, har wasu suka kwanta a ƙasa. Ba wanda ya ji rauni. Amma da ka tafi, muka zauna a bayan idonka, wasu suka ce dole a dakatar da kai tun kafin a yi abin da za a yi da-na-sani. Gaskiya suka faɗa, sai dai an rasa wanda zai iya kallon idonka ya gaya maka. Ni na roƙi a bar mini. Ban gaya maka ba ni ma. Na zo maka da zancen cewa na sayi sabon rimot, ina so mu haɗa waya kamar da, in gwada shi. Ka dube ni na ɗan lokaci, ka ce to.

Wata biyar muka yi a haka, ni da babban rimot, kai da ƙarami. A sama nakan bar maka, domin can akwai sarari, ko hannu ya yi rawa jirgi yana da wurin gyarawa. Idan ya juyo zai sauka, sai in saki maɓallin a ɓoye, in sauke shi da kaina, kai kuma kana motsa 'yan yatsunka a kan rimot ɗin da ba ya tuƙa komai. Jama'a su tafa, su ce hannun Kyaftin yana nan. Ni kuwa in koma gida ina ganin na yi maka alheri.

Wata safiya mai kwanciyar iska, jirgin yana kewayen ƙarshe, ka yi magana ba tare da ka ɗauke ido daga sama ba. Ka ce, "Likita, ni da na tsufa a cikin agogo, kana ganin ba zan bambance hannuna da na wani ba? Tun ranar farko na sani. Na gode. Amma yau kada ka karɓa. In zai faɗi, bari ya faɗi a hannuna."

Na yi wa Tela alama ya janye kowa bayan motoci, na danne maɓallin har yatsana ya yi fari. Jirgin ya taho yana tangaɗi kamar mai jin barci. Sau biyu na kusa saki. Ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle, ya sake taɓawa da gefe, ƙafa ɗaya ta karye, farfela ta tsage, ya tsaya da hancinsa a cikin ciyawa. Sai ka fashe da dariya, irin wadda na daɗe ban ji daga bakinka ba, ka ce mummunar sauka ce, amma taka ce. Ka miƙo mini rimot ɗin, ka juya ka gaya wa jama'a da bakinka cewa ka gama tuƙi daga yau, kada kowa ya ƙara wahalar da kansa.

A hanyar gida na nemi gafararka. Ka ce ba laifin da za a yafe, sai dai abu ɗaya: in zan sake karɓar tuƙi a hannun wani, in faɗa masa. Har yau ina jin nauyin wannan magana. Na hana ka faɗuwa wata biyar, amma sauka ashirin na ƙwace maka, ka kuma yi shiru don kada ka kunyata ni.

Bayan haka kakan zo ka zauna a kujera ƙarƙashin inuwa, kana kallo kana gyara wa mutane kuskure da murya. Da ciwo ya kwantar da kai, sai ziyarata ta koma ranar Lahadi, saboda Asabar ta fili ce. Ina ba ka labarin wanda ya tashi da wanda ya karye, kana lumshe ido kana murmushi, ba ka taɓa nuna mini cewa akwai abin da ya rage maka ba.

Sai shekaranjiya, da na je gaishe da Mama, uwar 'ya'yanka, take gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce duk Asabar, har ta ƙarshe, da ƙarfe bakwai na safe sai ka sa an canza maka riga, an ɗora maka hula, an jingina ka kusa da taga an buɗe ta. Takan ce maka filin nan ya yi nisa, ba abin da za ka ji daga nan. Sai ka ce mata ka sani, amma yanzu sun fara. Haka za ka zauna har rana ta ɗaga, sannan ka ce a kwantar da kai, sun watse. Da na san haka, Kyaftin, da na bar musu filin ko sau ɗaya na zo mun zauna a bakin tagar nan tare.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. A madadin 'yan ƙungiyarmu baki ɗaya, ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da 'ya'yansa huɗu, da jikoki, da 'yan'uwa, da duk wanda ya taɓa kawo masa abin da ya lalace ya koma da shi a gyare. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsaya muku a bayansa. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sada mu da shi a gidan rahama. Amin.