Ɗakin da Ba Sauro

Wanda bai taɓa kwana a ƙauyenmu ba kada ya zo yana min labarin sauro. Tsakanin Kura da Bunkure muke, kanal ta bi ta bayan gidanmu, shinkafa na tsaye cikin ruwa rani da damina. Sauron wasu yana tafiya hutu, namu ina! Kusan kowane gida an binne yaro saboda zazzaɓi, shi ya sa mahaifiyarmu, Inna, ba ta da abokin gaba kamarsa.

Akwai maganar da ni da yayana muka yi shekaru muna ɓoye wa Inna, muka yi alkawari ba za ta ji ba har a binne mu. Ga yadda aka yi.

Wata kaka Yaya ya sami wake sosai. Ya jibge buhunan a ƙuryar ɗakin Inna, don ita ba ta fita, ɓarawo ba zai yi gigi ba. Ya sayo ƙwayar nan ta ajiyar hatsi da ake ce wa bom, ya ƙulle kowacce a tsumma ya cusa cikin buhu, kamar yadda kowa ke yi. Mun san guba ce, amma a saninmu sai an ci take kisa. Idan za a dafa waken a wanke shi tas, shi ke nan.

Ba a jima ba Inna ta lura ƙuryar ta yi tsit. Babu sauro, kyankyasai sun bi gefen bango sun mutu, har tsaka ta faɗo. Zo ka ga murna! Lokacin matar Yaya na fama da tsohon ciki, 'ya'yanta biyu suna hannun Inna, yarinya da ta fara Islamiyya da ƙaninta da ba a daɗe da yayewa ba. Sai ta shimfiɗa musu tabarma a jikin buhunan, ta toshe taga da tsohon zani, ta saki labule. Ita ta kwanta a waje sauro na cin ta, tana cewa ai tsohuwar fata ce, su ci su ƙoshi.

Yaran suka tashi da amai, numfashinsu na sama-sama. Mai kemis ya ce zazzaɓin sauro ne, ya yi musu allura. Yaron bai kai la'asar ba. Aka yi masa sutura, mu kuma muka ɗauki yarinyar sai babban asibiti a Kano, ni ce mai jinya.

Da hantsi wata likita gajera mai tabarau ta shigo, ɗalibai na biye da ita. Wallahi haushi ya kama ni. Yarinya na kwance rai a hannun Allah, su kuma sun kewaye ta sun mayar da ita allon karatu, wannan ya danna ciki, wancan ya buɗe ido, suna ta Turanci. Na ji ana ambaton maleriya da taifot da kwalara. Likitar kuwa ta matso bakin gadon. Ta ɗauki zanen da muka rufo yarinyar da shi daga gida, ta sansana, ta miƙa musu kowa ya sansana. Sannan ta juyo gare ni.

"Baiwar Allah, kuna ajiye tafarnuwa a ɗaki?"

Na ce a'a.

"A ina take kwana?"

Na ce, da ɗan zafi, don na zaci raina mu take yi: "A ɗakin da ya fi kowanne tsabta a gidanmu. Ko sauro ba ya shiga."

Ta cire tabarau. "Me ya hana shi shiga?"

Na ba ta labarin buhunan wake da ƙwayar da ke cikinsu. Ta sa aka kira Yaya, ta fita da mu baranda. Ta ce ƙwayar nan idan ta ji danshi iska take fitarwa, ita ke kashe ƙwarin, kuma ba ta tsayawa a buhu. Yaro da ke kwance a ƙasa cikin rufaffen ɗaki shi ya fi shaƙa. Ta ce ta daɗe tana tattara irin wannan daga garuruwan manoma, yawanci zazzaɓi ake cewa a binne, ba wanda ya bincika. Makari kuma babu, sai dai a tallafi zuciya da numfashi a jira ikon Allah.

Yaya ya durƙusa a barandar nan, ƙaton mutum, ya riƙe kai. Da ya ɗago, abin da ya fara cewa shi ne, "Auta, Inna fa?" A nan muka ƙulla. Ranar ya koma gida ya kwashe buhunan a amalanke, ya ce mai saye ya samu. Yarinyar ta tashi, Alhamdu lillahi. Inna kuwa muka bar ta a kan zazzaɓi ne, ta ci gaba da tsine wa sauro safe da yamma. Duk tsinuwar da ta yi sai mu sunkuyar da kai.

Shekaru suka ja. Na yi aure a Dawakin Kudu, na dawo gida wankan jegon ɗana na fari. Wata safiya na fito daga wanka jikina na tururi, na tarar Inna ta share ƙuryar nan fes, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta toshe taga. Jaririna na goye a bayanta. A hannunta ga ɗan siririn gwangwani, tana kokawa da murfinsa da bakin zani.

"Inna, mene ne wannan?"

Ta yi dariya. "Ku kun ɗauka tsufa ya cinye min hankali? Tun da yayanki ya kwashe wakensa sauro ya dawo. Na zauna na yi tunani, na ce ba wake ne ke korarsu ba, ƙwayar ce. Na aika aka sayo min a kasuwar Kura. Wannan kam sauro ba zai ɗanɗana min shi ba."

Na ce ta bari, muna da gidan sauro. Ta ce ya yage. Na ce warin zai dami yaro. Ta ce haba, wane wari, kwana ɗaya ya wuce. Na ce likitoci sun hana. Murfin ya fara juyawa a hannunta.

"Likitocin me? Ba a nan na kwantar da 'ya'yan yayanki ba? Ko cizo ɗaya..."

Na fizge gwangwanin da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na wurga shi tsakar gida. Ban taɓa ɗaga wa Inna hannu ba sai ranar. Ina kuka, kuma ba sai na yi mata bayani ba. Ta dube ni, ta dubi tabarmar, ta dubi tagar da ta toshe da hannunta. Ina kallon fuskarta lokacin da maganar ta isa.

Can ta ce, a hankali, "Ko cizo ɗaya babu a jikinsa. Ni na yi masa wankan gawa. Na yi ta dubawa."

Sannan ta juya min baya, ta sassauta majanyi, ta ce, "Karɓi ɗanki."

Inna ta ƙara shekaru a duniya. Ta dafa min ruwan wanka, ta dama min kunun kanwa har na yi arba'in, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta yi wa Yaya ko kallon banza ba. An haifa mata jikoki da yawa bayan nan. Duk wanda aka miƙa mata sai ta mayar da hannuwanta baya, ta leƙa fuskarsa daga inda take, ta yi masa addu'a.