"Ke" Tana Yi Masa Ƙaiƙayi

Tun ina da ciki tsorona ɗaya ne, kada in haifi mai irin bakina. Ni 'yar zangon Yendi ce, Hausarmu ba ruwanta da mace da namiji, kowa "ya zo", kowa "ya tafi". Sai aure ya kai ni Salaga, gidan jikokin fataken goro, inda surukata take tsince magana kamar tsakuwa a shinkafa. Ranar da na ce wa baƙo "Hajiya ya fita bayan gida", ta leƙo ta ce, "Yaushe na yi gemu?" Shekara uku ina koyon "ta" da "ke".

Na haifi mace. Har ta shekara biyar ba ta ce uffan ba, sai jera murafan kwalba, in an taɓa ɗaya gidan ya kama da wuta. Wata nas a Bawku ta ce ba aljanu ba ne, ƙwaƙwalwarta ce take da tata hanyar. Ta faɗi sunan abin da Turanci, ya zube min kafin mu kai tasha. Daga baya bakin ya buɗe, kalma ɗai-ɗai.

Tana shekara sha biyu, muna feren doya, ta ce, "Mma, ki daina ce min ke."

"To in ce me? Ranka ya daɗe?"

"Kai. Ke tana yi min ƙaiƙayi, kamar ɗinkin wuyan riga."

Ashe Hajiya tana ji. "A gidan nan? Ke! Zo nan, ke!"

Kwana tara babu kalma daga bakin 'yata. Ko ruwa sai nuni da yatsa.

Ni aji huɗu na tsaya a makaranta. Ban sani ba ko abin nan wucewa zai yi ko zama ya zo yi, kuma raina bai kwanta ba. Amma wannan shirun na san shi, na taɓa zama a cikinsa. Rana ta goma na dire kwanon tuwo na ce, "Kai, zo ka ci."

Ya ɗanɗana miyar, ya ɗago. "Gishiri ya yi yawa."

Ban taɓa jin daɗin zagin girkina ba sai ranar.

Hajiya ta rantse bakinta ba zai ce "kai" ba, kuma ba ta iya jure jika ya ƙi kula ta. Yanzu sai ka ji ta, "An ci abinci? A je a yi wanka," kamar mai magana da gwamnati.

In kun gamu da shi a kasuwa da wandonsa mai aljihu shida, don Allah kada ku tare shi da "mace ce ko namiji?" Ku gaishe shi, ku ɗan jira. Amsarsa takan makara.