Birkin da Ya Sha Ruwa a Indénié

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu ta 220 Logements, ni da 'yata wadda ke tuƙi, da rago ɗaure a bayan mota. Unguwar Treichville muka nufa, wurin raɗin sunan jikana na fari. Bisa al'adar gidanmu, kaka ne ke faɗa wa liman sunan da bakinsa, don haka ko uban jaririn ban gaya wa cewa sunan marigayi mahaifina na zaɓa ba. An kuma sanar da ni cewa liman yana da wani raɗin sunan a unguwar Koumassi, ba zai wuce ƙarfe bakwai ba.

Ruwa ya kwana yana zuba. Yankinmu na Adjamé dai bai fasa komai ba: ƙananan bas-bas na haya da ake kira gbaka suna lodi a tsakiyar titi, masu sayar da garba, abincin rogo da kifi, sun hura wuta a ƙarƙashin leda, ƙamshin soyayyen kifi yana bin mu. Ni agogo kawai nake kallo.

A mahaɗar Indénié muka tarar da ruwa har gwiwar mutum. Muka ratsa a giya ta ɗaya, ragon yana kuka kamar ya san dalilin tafiyar. Muna fita, 'yata ta taka birki, motar ta ci gaba da tafiyarta.

"Baba, frein ɗin ba ya kamawa," in ji ta, da muryar da ban saba ji ba.

Shekara talatin na yi ina kula da motocin wani kamfani a tashar jirgin ruwa, na san ciwon: ruwa ne ya jiƙa birkin. Na umarce ta da ta koma gefen dama, ta riƙe totur kaɗan, ta ɗora ƙafar hagu a kan birki tana dannawa a hankali, har zafin gogayya ya busar da shi. Haka muka yi ta jan jiki a bakin lagune, babban tafkin birnin, direbobin tasin woro-woro suna danna mana oda suna zaginmu da Faransanci. Sau uku ta gwada, sai a na huɗu ya kama sosai, sannan na yarda mu hau gadar da ke kaiwa Treichville.

A kan gadar ta roƙe ni in kira yayanta, uban jaririn, in faɗa masa sunan ta waya. Na ce sunan mahaifina ba zai shiga kunnen liman ta waya ba.

Mun isa bakwai da kwata. An riga an shafa fatiha, ana rabon goro. Da aka jira ni aka gaji, kakan jaririn na wajen uwa ya ba da sunan nasa mahaifin. Na yi masa barka, na ɗauki yaron, kuma na ci waina fiye da yadda na yi niyya.

Mun dawo gida bayan la'asar, ruwa ya janye. Jinkirin birki ban yi nadamarsa ba, kuma ina shawartar duk mai ratsa ruwa ya yi haka. Maganar waya kuwa, 'yata ce ke da gaskiya. Har yau ban gaya mata ba.